Darasin Jinya: Gyambon Kwanciya da Littafin Uwargida

A ƙasar Hausa, in tsufa ko shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Inna ko Baba, galibi jinyar a hannunki take. Babban abin tsoro a doguwar kwanciya shi ne gyambon kwanciya, wato ciwon da ke fitowa inda nauyin jiki ya danne fata a kan ƙashi har jini ya kasa isa wurin.

Ina za ki duba?

Kullum lokacin wanka ki duba tsatso, kwatangwalo, dunduniya, idon sawu, allon kafaɗa da ƙeya. Kada ki jira sai kin ga ja, don a baƙar fata ba ya nunawa sosai. Ki lura da wurin da ya yi duhu, ko ya fi kewayensa ɗumi ko tauri. Wannan shi ne matakin farko cikin 4. A na 2 fata ta saluɓe ko ta yi bororo, a na 3 ya yi rami, a na 4 ya kai ga tsoka ko ƙashi.

Me za ki rubuta?

Ki ware littafi guda. Sau ɗaya a mako ki auna ciwon da rula ba tare da ta taɓa shi ba, ki rubuta:

1. Kwanan wata da wurin ciwon.
2. Tsawo da faɗi a santimita.
3. Launi: ja alamar sabon nama ce, rawaya ko baƙi kuwa mataccen nama ne.
4. Ruwa yake fitarwa ko mugunya? Akwai wari?
5. Abin da aka sa masa.

Misali: "5 ga wata, tsatso, tsawo 3, faɗi 2, ja, ruwa kaɗan, ba wari." In za ki ɗau hoto da waya, ki nemi izininta, ki suturta ta, ki ɗau ciwon kaɗai.

Kada ki ce wannan aikin malaman asibiti ne. A Jibiya, yau an kai tsohuwa babban asibitin gari, gobe an tura ku Katsina, jibi 'yan uwa sun tsallaka da ita ta Magama zuwa Maraɗi. Nan katin asibiti da Turanci yake, can kuma da Faransanci, amma lamba kowa na karanta ta. Rufe iyakar da aka yi daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 ma ishara ce: likitan da ya san majinyacinki na iya yi miki nisa dare ɗaya. "Da sauƙi" ba ta gaya wa sabon likita komai, amma 3 da ta koma 5 ta gaya masa ciwon na ci.

Kulawar yau da kullum

Ki riƙa juya ta duk bayan awa 2, ki sa filo ƙarƙashin ƙwauri don dunduniya ta bar katifa. Shimfiɗa ta zauna a bushe. Ki ba ta ƙwai, wake, kifi da isasshen ruwa. Kada ki murza wurin, kada ki barbaɗa toka ko garin kafso.

Da zarar fata ta buɗe, ki nuna wa ma'aikacin lafiya. In kuwa kin ga mugunya, wari, baƙin nama, zazzaɓi ko ruɗewa, musamman ga mai ciwon suga, kada ta kwana a gida. Ku nufi asibiti, littafin na jakarki.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.