Amsoshin Tambayoyinku: Mece Ce Kuza?

Wata mai sauraronmu daga Bebeji ta ce za su kai yara ziyara Riruwai, sai ta ji surukinta yana cewa garin kuza ne. Mece ce kuza?

To Hajiya, kuza ma'adini ce, baƙi-baƙi mai nauyi, da ake wankowa daga ƙasa a narka. Ita ake shafa wa gwangwanin madara don kada ya yi tsatsa. Duwatsun Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa, sun daɗe da suna a kanta, tun kafin zuwan Turawa.

Batun tafiya kuwa, maigida ya duba safaya da jak. Ku sha mai a Tudun Wada, ku ratsa dajin Falgore da rana tsaka. Allah ya kai ku lafiya.