Tasirin Hausa a Kan Nahawun Ingilishin Ɗaliban Sakandare a Ƙasar Yauri

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya ɗaura niyyar shiga jami'a a Nijeriya, ko da Hausa zai karanta, ana bukatar ya sami kiredit a darasin Ingilishi a jarrabawar WAEC ko NECO ko makamantansu. Wannan sharaɗi ya tsare yara masu ƙwazo da yawa a bakin ƙofa, wasu har su gaji su koma gona ko su kama fatauci. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba wasu daga cikin kurakuran nahawu da ɗaliban sakandare ke yi, ta kuma nuna inda suka samo asali. Misalan da za a kawo irin waɗanda na yi ta cin karo da su ne a littattafan insha'i, sa'ad da na yi aikin koyarwa na gwaji a wata makaranta a ƙasar Yauri.

Yanayin Harsuna a Ƙasar Yauri

Kafin a shiga nahawu, ya kyautu a san wane ne ɗalibin. Hausa ita ce harshen kasuwa da fada daga Yelwa zuwa Birnin Yauri, da Wara, da Shanga, amma ba ita ce harshen gida ga kowa ba. Akwai Gungawa, waɗanda ke kiran harshensu Tsureshe, akwai Kambari da Dukawa da Lopawa, kuma masana sun sanya harsunansu duka cikin rukunin da suka laƙaba wa sunan Kainji, wani reshe na iyalin Binuwai-Kwango. Shanganci kuwa daga iyalin Mande yake, ko da yake yawancin Shangawa sun koma yin Hausa. Bayan kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, an tashi mazauna tsibirai da yawa zuwa sababbin garuruwa a bakin tafki, abin da ya ƙara cuɗanya su da masu yin Hausa. Ke nan a aji guda za a sami yaron da Ingilishi ne harshensa na biyu, zaune kusa da wanda shi ne harshensa na uku.

Aikatau da Lokutansa

Robert Lado, a littafinsa na 1957, ya ƙarfafa ra'ayin cewa inda ginin harshen farko ya saɓa da na harshen da ake koyo, nan mai koyo zai yi tuntuɓe. A wajen aikatau wannan ra'ayi ya fi tabbata. Bahaushe na amfani da "ina" wajen nuna aikin da ke gudana, yana kuma amfani da ita wajen mallaka, watau "ina tafiya" da "ina da jirgi". Saboda haka yaro kan rubuta:

1. My father is having two canoes.
2. I am knowing the answer.

Daidai shi ne "has" da "know", domin aikatau masu nuna mallaka ko sani ko imani ba su cika ɗaukar ɗafin -ing a Ingilishi ba. Haka kuma shuɗaɗɗen lokaci na Hausa kammaluwar aiki yake nunawa, bai damu da ko yanzu aka gama ko bara ba. "Na zo" ɗaya ce a "na zo jiya" da "ga shi na zo". Ingilishi ya raba su biyu, kuma bai yarda a haɗa "have come" da bayanau mai ƙayyade lokacin da ya wuce ba. Wannan shi ne tushen jimla irin ta uku, wadda kusan ba a rasa ta a wasiƙun da ake sa yara su rubuta:

3. I have received your letter yesterday.

Akwai kuma zagin aikatau. A jimlar aikatau ta Hausa ba a cewa "Audu tafi", dole sai an sa "ya" tsakanin suna da aikatau. Yaro ya saba da wannan tun yana goye, don haka ya ga jimlar Ingilishi kamar ba ta cika ba sai ya rubuta "Audu he went to Wara".

Jinsi

A nan ne, a ganina, malamai suka fi yi wa ɗalibai kuɗin goro. Hausa ta raba sunaye tilo zuwa namiji da mace, ba ta da jinsi na uku. Wanda ya tashi da Hausa a gida da wuya ya kira uwarsa "he". Matsalarsa ita ce "it", shi ya sa yakan rubuta:

4. I bought a cap but she is lost.

Hula mace ce a wurinsa, ta ɓata. To amma harsunan Kainji ba sa raba suna ta fuskar namiji da mace. Azuzuwan suna suke da su, waɗanda ake ganewa ta ɗafa-goshi. Harsunan Mande ma ba su da wannan rabo. Yaron da ya fito daga irin wannan gida yana iya cewa "uwata ya tafi kasuwa" ko a Hausarsa, sa'an nan ya kwashe ta haka nan zuwa Ingilishi:

5. My mother he sells fish at Yelwa.

Jan biro ɗaya malami zai sa wa jimla ta huɗu da ta biyar, ya rubuta cewa an yi kuskuren wakilin suna. Alhali ciwon ba ɗaya ba ne. Na farko yana bukatar a koya masa ya rage jinsi, na biyu kuwa sai an fara gina masa shi tukuna, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a bi ta Hausar da yake ji kullum, a daidaita masa "ya" da "ta" kafin a kai shi ga "he" da "she".

Wasu Ƙananan Wurare

Kalmomin "shawarwari" da "bayanai" jam'i ne ingantacce a Hausa, sai su haifi "advices" da "informations", waɗanda Ingilishi bai yarda da su ba. "Ara mini biro" ta haifi "borrow me", domin tushe ɗaya ke ɗaukar mai bayarwa da mai karɓa. Amsar tambayar korewa ma tana ruɗarwa. In aka ce da Bahaushe "ba ka zo ba?" zai ce "i", yana nufin bai zo ba. Bature a nan "no" zai ce.

Sai dai kada a ɗora wa Hausa laifin da ba nata ba. S. Pit Corder ya nuna a 1967 cewa kurakuran mai koyo shaida ce ta ƙa'idar da yake ginawa a ransa. Yaron da ya rubuta "goed" ko "catched" ba daga Hausa ya ɗauko ba, ƙa'idar -ed ce ya shimfiɗa inda ba ta kai ba. "Discuss about" kuwa ana jin ta daga Legas har Sakkwato, har a bakin manya. Gaskiya ne ƙamus ɗin Oxford ya karɓi kalmomin Nijeriya irin su "okada" da "Kannywood" a 2020, amma kalmomi ya karɓa, kuma mai duba takardar jarrabawa da daidaitaccen nahawu yake auna ɗalibi.

Abin da Malami Zai Yi

A makarantar da na koyar, yin Hausa a aji laifi ne da ake hukunta yaro a kansa. Na fahimci dalilin, amma a darasin nahawu wannan doka ta hana malami makaminsa mafi kaifi. Da na rubuta kalmar "ji" a allo, na ce kowa ya ba ni jimla da ita, sai aka kawo jin ƙarar injin jirgi, da jin warin kifi, da jin sanyin hunturu a bakin ruwa, da jin Kambarci. Muka jera su, muka rubuta "hear" da "smell" da "feel" da "understand" a ƙarƙashin kowace. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta tambaya ko "sha" ma haka take. Ragowar darasin a kan shan magani da shan iska da shan wahala muka ƙare shi, kuma ba ko ɗaya daga cikin ukun da ya ɗauki "drink".