Katsina ko Daura: Inda Hakimi Zai Sauka in Ya Sami Gajeren Hutu

Hakimi ba ya samun hutu mai tsawo. In Sarki ya ba shi izini, galibi kwana uku ne ko huɗu, a cikinsu kuwa har da ranar tafiya da ranar komowa. Saboda haka wanda ya yi niyyar zuwa arewacin Jihar Katsina don ya huta, lalle ne tun daga gida ya san inda zai sauka, Katsina ko Daura. Tsakaninsu wajen kilomita 80 ne, watau mil 50, kusancin nan kuwa shi ke ruɗin mutane. Sai mutum ya ce zai kwana biyu nan ya kwana ɗaya can, ya manta babban baƙo ba ya shiga gari kamar ɗan tireda. Tilas ya je fada ya yi gaisuwa, a kai shi masauki, masu zuwa yi masa barka da zuwa su yi ta shigowa har bayan Isha, ran tashi kuma ya koma ya yi sallama. Kowane gari yini guda ya ke ci kafin baƙo ya ga kome nasa. Taura biyu ba ta taunuwa a baki ɗaya.

Katsina ita ce hedkwatar jiha tun 1987. Tana da filin jirgin sama, da manyan asibitoci, da masaukan baƙi iri iri, da ofisoshin gwamnati. Wanda zai tafi da iyali, ko da dattijon da ba ya nisa da likita, ba shi da sauran shawara, Katsina zai nufa. Abin gani kuma ba ya ƙarewa a kwana uku. Ga hasumiyar Gobarau, ginin ƙasa mai tsawon wajen ƙafa 50, wadda ake danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Ga ƙofofin gari, Ƙofar Sauri da Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Guga da sauransu, ko da ya ke badala ta zube a wurare da yawa. Ga kushewar Wali Ɗan Marina da ta Ɗan Masani. Amma abin da ya fi dacewa da ma'aikacin mulki shi ne tsohon ginin Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Nan Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. An mai da makarantar Kaduna a 1938, daga baya Zariya, ginin kuwa ya zama gidan tarihi. Duk malamin hakimin da ya shiga ɗakunan nan na ƙasa, ya ga ƙanƙantarsu, ya tuna waɗanda suka fito daga cikinsu, zai rage kukan ƙuncin ofishinsa.

Aibin Katsina ɗaya ne, amma babba ne ga mai neman hutu. Inda ofisoshi su ke, nan aiki ya ke. Da wuya hakimi ya kwana biyu a hedkwata bai gamu da wani abokin makaranta ko wani babban ma'aikaci ba, zance ya ja zance, a wayi gari yana zaune a wani taro da ba shi ya kawo shi ba.

Daura ba ta da wannan hayaniya. Gari ne da mutum zai zaga abin da ya shahara a cikinsa da safe, ya koma masauki kafin rana ta yi zafi. Rijiyar Kusugu tana nan cikin gari, an gina mata ɗaki, ana kuma ba baƙo ruwanta ya sha. Labarinta sananne ne: macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ran Juma'a, da Bayajida wanda ya sare shi ya auri Daurama, da zuriyarsa da aka ce su suka kafa Hausa Bakwai. Masana tarihi sun yi ta gardama a kan labarin, amma a Daura ba wurin tayar da gardamar ba ne. Akwai kuma wani abin da ya kamata mai sarauta ya sani kafin ya shiga fada. Bayan Jihadi tsohon gidan sarautar Daura ya bar birnin, ya zauna a Zango da Baure wajen shekara 100, sai a 1906 Turawa suka komo da Malam Musa daga Zango. Shi ya sa Daura ta riƙe sarautu da al'adu na Haɓe waɗanda suka ɓace a wasu fadoji. Hakimin da ya zauna rabin yini da dattawan fada yana tambaya zai koma gida da abin da ba ya cikin takarda. In ran Lahadi ta same shi can, kasuwar Mai'aduwa tana kusa, a bakin iyakar Nijar, zai ga yadda ake cinikin dabbobi tsakanin ƙasa biyu. Tun da aka binne Shugaba Muhammadu Buhari a gidansa na Daura a watan Yuli 2025, wasu baƙi kan haɗa da ziyara.

Sa'an nan sai a duba lokaci. Hawan Sallah na Katsina abin kallo ne, amma ba na hakimin wata ƙasa ba ne, domin ran nan yana kan dokinsa bayan Sarkinsa. Sallar Gani ta Daura kuwa cikin watan Rabi'ul Awwal ta ke, lokacin da yawancin hakimai ba su da hawa. Wanda ya ke son ganin hawa, wannan ce damarsa. Amma fa a makon Gani garin cike ya ke, masauki ya yi wuya, mai neman shiru ba zai same shi ba. Watan kuma yana matsowa da kwana 11 kowace shekara bisa lissafin Turawa, don haka a duba kada ya faɗo da kaka, sa'ad da shanu ke sauka gonaki, lokacin da bai kamata hakimi ya bar ƙasarsa ba ko da kwana ɗaya.

Ga mai kwana uku da ya gaji, ba shi da mara lafiya tare da shi, Daura ta fi, in ba makon Gani ba ne. Katsina ta mai kwana biyar ce, ko mai wata bukata da zai haɗa da hutun.

Sauran aikin na malamin hakimi ne. Shi zai rubuta takardar neman izini zuwa ga Sarki, ya faɗi gari ɗaya da ranar tafiya da ta komowa, da sunan wakilin da za a bari. In izini ya fito, sai ya sanar da fadar garin da za a je tun da sauran mako biyu, ya faɗi adadin mutanen da za su zo. Adadin nan a rage shi iyakar iyawa, domin mai masauki ba zai ce an yi masa yawa ba, shi zai ciyar da kowa har direba. A tambayi labarin hanya ran jajibirin tashi, a tashi da hantsi, a sauka kafin La'asar.