Shawara ga Malami Kirista a Kado

Malam, idan kana koyarwa a makarantar Kirista a Kado, kada ka ɗauka buɗe darasi da aya ya wadatar. Wanda ya karanta wa yara Farawa sura 1 da safe, sannan ya ba su kimiyyar da bai shirya ba, ya cuce su.

Fara da ƙwarewa a fanninka. In darasin halittun ruwa ne, kai su kasuwar kifi ta Kado su duba tarwaɗa da idonsu, su auna, su tambayi masu sayarwa inda aka kamo ta. Daga nan zancen amanar kula da halitta zai shigo da kansa, ba sai ka cusa shi ba. Lissafi kuwa, bar shi lissafi. Bangaskiyarka ta fito wajen ba da maki da gaskiya da hana satar amsa.

Ɗalibanka na iya zuwa Jami'ar Bingham a Karu, wadda ECWA ta kafa a 2005, ko Veritas ta Katolika a Bwari, kuma galibi sai da makin JAMB ake shiga, don haka ka shirya su sosai. In akwai yaran Musulmi a ajinka, amsa tambayoyinsu da mutunci, kada ka matsa musu.