Bakwainina Ya Kai Wata Takwas Bai Fara Zama Ba

Tambaya: Na haihu cikina yana mako 32. Yanzu yaron watansa takwas amma ba ya zama da kansa, alhali ɗan maƙwabciyata da aka yi sunansu rana ɗaya har ya fara rarrafe. Surukata ta ce in riƙa zaunar da shi a baho ina tokare shi da zannuwa. Ko akwai matsala?
Daga wata uwa a Funtuwa.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya raya mana shi. Suna ne kawai ya haɗa yaran nan biyu, amma ba sa'o'in juna ba ne. Cikakken ciki mako 40 ne, naki kuwa ya fito saura mako takwas. Likitocin yara kan cire waɗannan makonni idan za su duba girman bakwaini, har ya cika shekara biyu. Ke nan a wajensu ɗanki ɗan wata shida ne.

A watannin ƙarshe na ciki ne jariri ke tara ƙarfin tsoka, yana naɗe yana tokarin mahaifa. Shi ya sa cikakken jariri ke fitowa a dunƙule, bakwaini kuwa ki gan shi a miƙe, gaɓoɓinsa a sake. Abin da ya rage masa sai a waje zai ƙarasa shi.

Ko cikin yaran da suka cika watanninsu tazarar tana da faɗi. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 kan yaran ƙasashe biyar, ciki har da Ghana, ya nuna zama kan zo tsakanin wata huɗu da tara, tafiya kuma daga wata takwas har zuwa wajen wata 18. Wasu ma ba su yi rarrafe ba sam, suka tashi suka taka.

Shawarar surukarki ta kulawa ce, sai dai baho ba ya ƙara wa baya ƙarfi. Ki riƙa kwantar da shi ruf da ciki a tabarma idan idonsa biyu kina kusa, ki ajiye abin wasa gabansa ya yi ta yunƙuri. Barci kuwa a rigingine.

Amma idan har yanzu wuyansa bai tsaya ba, ko jikinsa na sandarewa, ko ƙafafunsa na harɗewa idan kin ɗaga shi, ko hannu ɗaya kawai yake miƙawa, kada ki jira. Haka nan idan ya kai wata 11 da haihuwa bai zauna ba, ki kai shi asibiti likitan yara ya duba shi.