Iyakar 'Yancin Faɗin Albarkacin Baki: Darasi Daga Hargitsin Afisa

Nassin Karatu: Ayyukan Manzanni 19:23-41
Ayar Haddacewa: Kolosiyawa 4:6
Manufa: Mu san 'yancin da doka ta ba mu na yin magana, mu san inda ya tsaya, mu kuma gane wanda ke da ikon hukunta wanda ya ƙetare iyaka.

Gabatarwa

Tun daga ranar 29 ga Mayu 1999 da mulki ya koma hannun farar hula, bakin 'yan Nijeriya ya buɗe. A yau mai waya a Abaji yana iya rubuta abu da safe, kafin azahar an karanta shi a Kano da Legas. Hausawa suna cewa magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Ga mu kuma a gari irin Abaji, kan hanyar Abuja zuwa Lokoja, inda Egbura da Ganagana da Gbagyi da Bassa da Hausawa da Fulani suke cin kasuwa ɗaya, Kirista da Musulmi suna maƙwabtaka. A irin wannan zama ya wajaba mai bi ya san abin da bakinsa zai iya ginawa, da abin da zai iya rushewa.

1. Abin da ya faru a Afisa

Manzo Bulus ya yi fiye da shekara biyu yana koyarwa a Afisa, har cinikin masu ƙera siffofin haikalin Artimis ya fara ja da baya. Sai Dimitiriyas, maƙerin azurfa, ya tara abokan sana'arsa. Ku lura da yadda ya shirya maganarsa: ya fara da batun riba, ya ƙare da batun darajar addini. Nan take gari ya rikice, aka kama abokan tafiyar Bulus biyu, taro ya yi ta ihu wajen sa'a biyu. Luka ya gaya mana cewa yawancin mutanen ba su ma san abin da ya tara su ba.

Magatakardan garin ne ya kwantar da ƙurar, shi kuwa ba mai bi ba ne. Abubuwa uku ya kafa hujja da su. Na fari, mutanen da aka kama ba su yi sata a haikali ba, ba su kuma zagi abin bautar garin ba. Na biyu, duk mai ƙara ya nufi kotu, gama akwai mahukunta. Na uku, taron da ba shi da dalili shi kansa laifi ne a gaban doka. A kan waɗannan uku darasinmu ya ginu.

2. 'Yancin da doka ta bayar

Sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin riƙe ra'ayi, da karɓa da kuma yaɗa labari. Sashe na 38 ya ba da 'yancin addini, har da sauya shi da yin shelarsa. Ba a same su a sauƙaƙe ba. A 1984, ƙarƙashin Doka ta 4 ta mulkin soja, an ɗaure 'yan jaridar Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda saboda labarin da suka buga. A 1986 aka kashe Dele Giwa da bam a cikin wasiƙa. Ko a mulkin farar hula ma, gwamnati ta toshe Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, daga baya kotun ECOWAS ta ce matakin ya saɓa wa doka.

Ikkilisiya ba za ta yi wasa da wannan 'yanci ba, domin da shi take wa'azi, da shi kuma take tsawata wa azzalumi. Annabi Natan ya tsaya gaban Sarki Dawuda ya nuna masa zunubinsa. Amos bai yi shiru ba sa'ad da firist na Betel ya ce ya bar ƙasar. Mai mulki da ya ji zafin suka ba shi da hujjar rufe bakin talaka don wannan kaɗai.

3. Inda 'yancin ya tsaya

Sashe na 45 ya yarda a kafa dokokin da za su taƙaita wannan 'yanci domin tsaron ƙasa, zaman lafiyar jama'a, tarbiyya, kiwon lafiya, ko kare haƙƙin wasu, muddin dokar ta dace da tsarin dimokuraɗiyya. Dokar Final Kod da ake aiki da ita a Birnin Tarayya ta haramta ɓata suna, ta kuma haramta cin mutuncin kowane addini a fili ta hanyar da za ta iya tada fitina. Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana zage-zage a yaƙin neman zaɓe, ta hana amfani da wuraren ibada domin kamfe. Wannan ya shafi bagadenmu kai tsaye, pastoci da dattawa su kula.

Mun ga abin da kalma ɗaya take iya jawowa. Ranar 16 ga Nuwamba 2002 jaridar ThisDay ta buga wani sharhi a kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, wanda ya ambaci Annabin Musulunci ta hanyar da ta ɓata wa Musulmi rai ƙwarai. Jaridar ta nemi gafara, amma cikin 'yan kwanaki an kashe mutane fiye da 200 a Kaduna, hargitsin ya taɓa Abuja, aka kwashe gasar zuwa Landan. Waɗanda suka mutu, Kirista da Musulmi, ba su ne suka rubuta sharhin ba.

Iyakar mai bi ta fi ta doka matsi. Doka tana duban abin da zai tada fitina, Ubangiji kuwa yana duban zuciyar da maganar ta fito. Bulus ya faɗa a fili cewa abin da hannu ya ƙera ba Allah ba ne, duk da haka jami'in gwamnati ya shaida cewa mutanensa ba su zagi abin bautar kowa ba. Ashe ana iya shelar Almasihu ba tare da an yi wa maƙwabci ba'a ba. Wa'azin da zagi ne jarinsa ya nuna mai yinsa ba shi da abin faɗi.

4. Wane ne mai hukunci?

A nan ne ƙasarmu ta fi tuntuɓe. Ranar 12 ga Mayu 2022 aka kashe Deborah Samuel, ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, bisa zargin saɓo a wani saƙon WhatsApp. Wata guda bai cika ba aka kashe wani ɗan banga, Musulmi, a Lugbe cikin Abuja, bisa irin wannan zargi. Babu wanda aka gurfanar gaban alƙali a cikinsu, babu wanda aka ji ta bakinsa.

Littafi Mai Tsarki ya san wannan hanya. Da zargin saɓo na ƙarya Yezebel ta sa aka jajjefe Nabot, alhali gonar inabinsa ake so. Da shaidun zur aka kai Istifanas ga mutuwa. Taron da ya fusata ba ya bincike, kuma sau da yawa akwai wani Dimitiriyas a bayansa mai lissafin ribarsa.

Wannan gargaɗi namu ne mu ma. A Fabrairu 2006, bayan an kashe Kirista a Maiduguri a kan zane-zanen da aka buga a Denmak, sai aka far wa 'yan Arewa a Onitsha da sunan ramuwa. Jinin nan ma yana kuka ga Allah. Wanda aka ci mutuncin addininsa yana da ƙofofi a buɗe: fadar Ona na Abaji da masu unguwanni, shugabannin addinai, 'yan sanda, da kotu. Ramuwa ta Ubangiji ce.

Kammalawa

'Yan'uwa, mu riƙe 'yancinmu da hannu biyu, mu faɗi gaskiya ga manya da ƙanana ba tsoro. Amma kafin mu tura saƙo a waya ko mu hau bagade, mu tambayi kanmu: Gaskiya ne? Na tabbatar? Zan iya faɗinsa a gaban wanda ya shafa? In kuwa wani ya ƙetare iyaka, mu zama kamar magatakardan Afisa, masu nuna wa jama'a hanyar kotu. Gari ya fi bukatar irinsa mutum ɗaya fiye da dubu masu ihu.

Tambayoyi Domin Tattaunawa

1. Mene ne bambanci tsakanin tsawatawar annabi da zagi?
2. In aka turo saƙon da ke tunzura mutane a zauren WhatsApp na zumuntar mata ko na matasa, me ya kamata shugaba ya yi?
3. Ta yaya ikkilisiyarku za ta ƙulla zumunci da shugabannin Musulmi na unguwa tun kafin fitina ta taso?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka tsare bakinmu, ka ba mu ƙarfin hali mu faɗi gaskiya cikin ƙauna, ka kuma ba ƙasarmu mahukunta masu adalci. A cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.