Yadda Ake Tantance Takardar Bayanin Manhajar Cire Bayan Hoto

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, aikin hoto ya ƙaru a garin: fasfo mai farin baya, katin shaida, kalandar biki, fostar 'yan takara. A da, da linzami mai shago ke bin gefen mutum a Photoshop yana yanke bango. Yanzu manhajoji irin su remove.bg da Canva da rembg na yin aikin cikin daƙiƙu. Amma ko a Dutsin-Ma kake ko a Kurfi, kafin ka ɗora sana'arka a kan wata, sai ka auna takardar bayaninta.

Na ɗaya, duba abin da manhajar ke buƙata. Takarda mai kyau tun a shafin farko za ta faɗa maka ko sai da intanet. Misali, remove.bg sai ka tura hoton zuwa shafinsu, ita kuwa rembg a kwamfutarka take aiki, amma sai ka saka Python, kuma karon farko sai ta sauke babban fayil. Inda sabis ke rawa, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Na biyu, miƙa wa yaron shago takardar. Ba shi hoto ɗaya, ka ce ya bi matakan yadda aka rubuta, kai kuma ka yi shiru. Duk inda ya ɗago kai ya ce, "Maigida, ina zan danna?" to an tsallake wani mataki a nan. Rubuta wurin.

Na uku, gwada manhajar da hotunanmu. A nan ake yin ta. Hotunan talla an zaɓe su ne don su yi kyau, gani kuwa ya kori ji. Saka hoton dattijo cikin farar babbar riga a gaban farin bango, ka ga ko ta cinye masa kafaɗa. Saka na amarya da mayafi mai shara-shara, wanda launin labule ke leƙowa ta cikinsa. Ƙara da mai rawani, da wanda aka ɗauka bayan magariba haske ya yi ƙasa. Ƙara girman hoton ka duba bakin hula da gefen kunne. Idan manhajar ta kasa, koma ga takardar: ta gargaɗe ka tun farko? Ta nuna yadda ake gogewa ko maido da abin da aka yanke da hannu? Wadda ba ta ambaci gazawarta ko ɗaya ba, talla ce kawai.

Na huɗu, nau'in fayil da girmansa. Wajibi ne takardar ta bayyana cewa PNG ne ke riƙe baya wayam, JPG kuwa cike shi yake da launi. Ta kuma faɗi girman abin da za ka samu. Sau da yawa na kyauta ƙarami ne: ya isa a gani a waya, amma a babbar fosta sai ya dishe.

Na biyar, kuɗi da sirri. Nemi inda aka rubuta farashi: da wane kuɗi ake biya, kuma duk wata ake cira ko sau ɗaya? Sannan ina hoton ke zuwa, kuma yaushe ake goge shi? Hoton matar aure amana ne, kuma Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a tun 2023.

Na shida, duba kwanan wata. Kwatanta hotunan da ke cikin takardar da abin da ke kan allonka. In maɓallan sun bambanta, bayanin ya tsufa.

Daga nan sai ka yanke hukunci. Idan yaronka ya gama aikin bai kira ka ba, kuma matsalar da kuka ci karo da ita an riga an ambace ta, takardar ta ci jarrabawa. Idan ta yi shiru kan kuɗi ko makomar hotunan mutane, kada ka biya ko sisi, nemi wata manhajar.